Mai Wankin Murya na Ƙofar Taramniya

Ya 'yan'uwa, an taɓa yin wani mutum a nan birnin Sakkwato, a zamanin da soja ke riƙe da ƙasa. Sunansa ba zai ƙara mana komai ba, kuma 'ya'yansa suna nan da ransu, saboda haka mu bar shi a wani mutum.

Shagonsa yana Ƙofar Taramniya. Ya gaje shi daga mahaifinsa, wanda ya cika shi da rediyo da rikoda tun lokacin da kuɗin man fetur ke yawo a gari, kowa na sayen abin da zai kunna maƙwabta su ji. Da wannan zamani ya wuce, rikodojin suka fara lalacewa, sai ɗan ya zama mai gyaransu. Hannunsa na da kyau. Bakinsa ma na da daɗi, mutum zai kawo rediyo ransa a ɓace ya tafi yana dariya ko ba a gama gyaran ba. Yana sallah a sahun gaba. Ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba ne. Ku riƙe wannan, domin in an ce za a ba da labarin wanda ya halaka, kowa sai ya gyara zama yana jiran ya ji na wani can daban, wanda ba irinsa ba.

Cikin masu kawo masa gyara akwai Malam Lawwali, malamin lissafi a wata babbar makaranta. Yana zaune a Dundaye, yana shigowa gari a kan wani tsohon babur mai tari. Ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da littattafai da ƙaramin akwati cike da faifan kwamfuta. Wata rana ya tarar da mutuminmu yana fama da kaset ɗin wata tsohuwa. Kaset ɗin sai shuuu yake yi kamar ruwan sama a kan kwano, muryar da ke ciki da ƙyar ake jin ta.

Malam Lawwali ya saurara, ya ce, "Wanga shuuu da kaka ji, ana iya wanke shi."

Mutumin ya yi dariya. "Da sabulu ko da toka, Malam?"

"Da lissafi."

Ya jawo benci ya yi masa bayani. Kwamfuta tana iya mayar da sauti lambobi, dubbai a cikin ƙiftawar ido. Muryar mutum tana da irin nata tsarin lambobi, ƙazantar kaset tana da nata, kuma wanda ya san lissafin zai iya raba su kamar yadda mata ke sheƙe hatsi. Ya ce akwai wata taska ta manhajoji da ke yin wannan aiki. Ba mutum ɗaya ya rubuta ta ba. Malamai ne daga ƙasashe da yawa, wani ya fara, wani ya gyara kuskurensa, wani ya ƙara, shekara da shekaru, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Shi ma Malam Lawwali ya sa hannu a wani ɗan sashe, saboda ya tarar an saita ta a kan maganar Turawa, shi kuwa ya daidaita ta da muryar Bahaushe mai hawa da sauka.

Kuma kyauta ake ba da ita. Sai dai akwai lasisi, wata takarda da ke bisa kan taskar. Malam Lawwali ya karanta masa, ya fassara da Hausa, ya rubuta masa da biro. Ga abin da ta ce a taƙaice: ɗauki ka yi aiki da ita, ka ci abincinka da ita, ba wanda zai ce ka ba shi komai. Ka canza abin da ka ga dama. Amma sunayen waɗanda suka rubuta su zauna inda suke. In kuma za ka ba wani, ko kyauta ko sayarwa, ka ba shi a buɗe kamar yadda aka ba ka, da rubutun da zai iya karantawa ya gyara, da wannan takarda a kai.

"Shi ke nan?" in ji mutumin.

"Shi ke nan."

"Wallahi na yarda."

Ya 'yan'uwa, ba wanda ya sa shi rantsuwa. Shi ya kawo sunan Allah da kansa. Ya ma sa ƙusa ya kafe fassarar a bangon shago.

Ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu. Malam Lawwali ya riƙa zuwa duk ranar Alhamis bayan la'asar yana koya masa, wata uku cur, abin da ya taɓa karɓa a shagon bai wuce shayi ba.

Aikin farko da ya yi shi ne kaset ɗin tsohuwar nan, sunanta Delu. Mijinta ne ya aiko mata da shi daga Makka shekaru kafin ya rasu. Da aka gama aka kunna, sai ga muryar mutum tar, kamar yana bayan ƙofa: "Delu, ina gaisuwa. Ki kula da awakin nan, kada ki bari su shiga gidan Mode."

Delu ta rufe baki da mayafi. Hawaye na zuba, ita kuwa tana dariya. Ta ce, "Shi na. Mutum shina gaban Ka'aba, hankalinai na ga awaki."

Ta sa masa albarka har ta gaji. A ranar mutuminmu ya koma gida yana jin bai taɓa yin aiki mai daɗin wannan ba, kuma gaskiyarsa.

Labari ya bazu. Aka riƙa kawo kaset na karatun malamai, na saƙon 'yan ci-rani, na buki, na muryar iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Gari ya sa masa suna Mai Wankin Murya. Ya gyara shago, ya sayi mota, ya yi wa matarsa Mariyatu ɗinki kala-kala. Duk wannan halal ne. Takardar da ke bango ba ta hana shi ko ɗaya ba.

To ina matsalar ta shigo? Ta bakin masu yabo.

Mutane suna tambayarsa, kai ka ƙirƙiro wannan abu? Da farko yakan ce a'a, aikin malamai ne, Malam Lawwali ya koya mini. Bayan wani lokaci ya koma cewa, da taimakon wasu. Daga nan in an tambaya sai ya yi murmushi kawai ya sunkuyar da kai, kamar mai kunyar a yabe shi. Murmushin nan ya fi ƙarya da baki, domin shi ne ya sa aka ƙara masa da cewa ga shi da tawali'u. Ran da wani mai ɗaukar labarai ya zo da rikodarsa, mutuminmu ya ji bakinsa yana cewa, "Baiwa ta, Allah ya ba ni." Ya ji wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma bai daɗe ba ya wuce.

Sai ga masu shagon kaset biyu, ɗaya daga Gusau ɗaya daga Birnin Kebbi, suna so ya sayar musu da manhajarsa. Ya zauna ya yi tunani. In ya ba su a buɗe, za su ga sunayen mutane, za su ga takardar da ta ce kowa na iya ɗauka, za su gane hanyar Dundaye ta fi kusa. In kuwa ya kulle ta, duk abin da ya taso dole su dawo wurinsa.

Wata safiya ya rufe shago daga ciki, ya hau goge sunaye. Ashe sunayen a cakuɗe suke da bayanai, domin kowane malami in ya rubuta sashensa yakan bar 'yar wasiƙa a gefe ga mai zuwa bayansa: nan na yi kaza saboda kaza, nan ka yi hankali. Turancin ya yi masa yawa, tsincewa ta gajiyar da shi. Sai ya share duka, sunaye da bayanai, ya bar abin da injin ke bukata kaɗai. Ya kulle ta yadda ba mai iya leƙa cikinta, ya raɗa mata sunansa. Ya cire takardar bango ya ninke ya jefa bayan kabad.

Da rana Mariyatu ta biyo ta shagon za ta barka. Ta dubi bango, ta ga ƙusa ita kaɗai.

"Maigida, ina takardar Malam?"

"Ɓera ya ci ta."

"Ɓera mai hawa bango shi bar kalanda shi ci takardar alkawari?" Ta gyara lulluɓi. "Abin da anka ba ka da sharaɗi ba naka na ba, sai ka cika sharaɗin. Ni dai na hwaɗi."

Ya ce mata ta tafi barkarta, maganar kwamfuta ba ta mata ba ce.

Yanzu da abin ya zama nasa a idon duniya, sai ya ga ya kamata ya fi na da. Akwai wata lamba a ciki wadda ke gaya wa injin iya ƙanƙantar sautin da zai ɗauka a matsayin datti ya zubar. Ya ɗaga ta. Ya kunna kaset, ya ji tsit, ko alamar shuuu babu. Ya ƙara ɗagawa. Daɗi ya kama shi, ya ce ashe malaman ma ba su gama sanin abinsu ba. A gefen wannan lamba kuwa, da can akwai gargaɗin wanda ya rubuta ta: kada a wuce kaza, in an wuce injin zai fara cinye maganar da aka yi a hankali. Wa ya goge gargaɗin? Shi da hannunsa.

Allah mai jinƙai ne, ba ya barin bawa ba tare da ya aiko masa mai tunatarwa ba. Malam Lawwali ya ji wani kaset na karatu a wurin mai shayi, ya ji kalmomi suna tsalle. Ya hau babur ya zo shago, ya tarar da jama'a, har da mutumin Gusau. Ya ce a hankali, "Taho mu keɓe."

Mutuminmu ya dubi mutanen da ke shagon. In ya keɓe da shi, jama'a za su ce me ke tsakaninsu? Sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, hwaɗi nan, duk 'yan gida na."

"Ka taɓa lambar tace sauti, tana cin magana. Maida ta inda take. Kuma na ji kana saida ta a kulle. Ba haka munka yi da kai ba."

Mutumin Gusau ya juyo yana kallo.

Mutuminmu ya ce, "Ayya Malam, waccan taku ai na daɗe da yada ita. Wagga tawa ta, ni na zauna na rubuta."

Malam Lawwali ya dube shi. Ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya fita. Babur ɗin ya ƙi tashi sai a bugu na huɗu, mutane suka yi dariya, mutuminmu ya taya su.

Ba a yi wata biyu ba babban aiki ya zo. Alhaji Tambari, babban ɗan kasuwar hatsi na Ƙofar Marke, ya kawo kaset goma sha biyu a cikin jakar fata. Sha ɗaya na mahaifinsu ne, nasihohin da ya ɗauka wa 'ya'yansa a ƙarshen rayuwarsa, murya ta riga ta raunana. Ɗaya kuwa na mahaifiyarsu ne, tana ba da tarihin dangi tana 'yan waƙe-waƙenta na niƙa. Dangi za su taru bayan Babbar Sallah su saurara tare. Kuma akwai magana a ƙasa: gonar gado ta Dundaye. Gambo, ƙanen Alhaji, yana so a sayar, sauran suna cewa Baba ya hana. An yarda duk abin da aka ji a kaset shi za a bi.

Mutuminmu ya zuba su a injin. Bai zauna ya saurara daga farko zuwa ƙarshe ba, baƙi sun yi yawa, kuma ai ya san aikinsa. Kwamfutar ta cika, sai ya share ɗanyen kwafin wasu daga cikinsu, wato sautin yadda ya shigo daga kaset kafin a wanke shi, don ya sami wuri. Kaset ɗin asali kuwa ya jefa su a but ɗin mota da nufin mayarwa, ya manta. Ga shi bazara ce, kun kuwa san ranar Sakkwato.

Ranar taro, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Alhaji Tambari. Maza a gaba, mata daga baya, har da waɗanda suka zo daga Yamai. Mutuminmu ya sha babbar riga, ya jona lasifika, ya danna.

Muryar tsoho ta fito fes. Aka yi ajiyar zuciya, wasu suka fara share ido. Ya yi bisimilla, ya yi salati, ya kira 'ya'yansa da sunayensu.

Marigayin yana da wata ɗabi'a. In zai yi hani, yakan sauke murya a kan kalmar "kada" kamar mai raɗa, sa'an nan ya ɗaga a kan sauran. Injin ya ɗauki kowace "kada" a matsayin datti.

Sai jama'a suka ji mahaifinsu yana cewa, cikin natsuwa da tsoron Allah: "Ɗiyana, ku bar sallar asuba. Ku yanke zumunci. Ku ci dukiyar maraya."

Aka dubi juna. Wata gwaggo daga baya ta fara salati.

"Ku saida gonar Dundaye."

Gambo ya miƙe zaune. "Kun dai ji da kunnenku."

Muryar ta ci gaba: "Kuma ku ba Gambo ajiya, ko da ta allura ce."

Nan fa dariya ta ƙwace wa mutane, domin duk Ƙofar Marke an san abin da aka ba Gambo da safe ba ya kai azahar. Shi kansa Gambo ya koma ya zauna, ya ce, "A'a. Wallahi Baba ba shi hwaɗin haka."

Alhaji Tambari bai yi dariya ba. Ya ce a kashe. Ya ce, "Kawo muna na asali mu ji."

Aka raka mutuminmu mota. Ya buɗe but. Kaset ɗin sun lanƙwashe sun manne da juna kamar ganda a wuta. Ya tsaya riƙe da murfin, gumi na bin babbar riga. Cikin ƙannen Alhaji akwai soja, kuma a wancan zamani in soja ya dube ka irin wannan kallo, ba sai an fassara maka ba. Alhaji ya riƙe hannun ƙanensa, ya ce wa mutumin, "Kwana uku."

Kwana biyu ya yi yana juya lambobi. Bai tuna inda lambar take tun asali ba, kuma ba ita kaɗai ya taɓa ba. Ya nemi bayani, babu, ya share. Abin da ya ce shi ya rubuta ya zama masa kamar rubutun aljanu. Mariyatu ta ajiye masa fura, ta ce, "Ka dai san hanyar Dundaye."

Da safe ya tafi. Ya tarar da Malam Lawwali a gindin darbejiya yana duba takardun ɗalibai. Ya durƙusa, ya zayyana masa abin da ya faru. Malam bai yi masa gori ba. Ya ce, "Zan je, don tsohon da iyalinai. Amma ka buɗe ta gaban mutane, ka maida sunayen da ka goge, ka hwaɗi da bakinka wa ad da ita."

Haka aka yi. Aka ɗauki kwamfuta zuwa zauren Alhaji Tambari. Mutuminmu ya tsaya gaban dangi ya ce ba shi ya rubuta ba, kyauta aka ba shi da sharaɗi, ya ci sharaɗin. Malam Lawwali ya sa faifansa na asali, ya bi ɗanyen kwafin da ya rage. Kafin magariba kowace "kada" ta koma gurbinta. Gona ta tsira, Gambo ya haƙura, har yana cewa a ƙara kunna wurin ajiyar allura.

Kaset takwas aka ceto. Huɗu ba su da ɗanyen kwafi, asalinsu kuma ya narke. Cikin huɗun akwai na mahaifiyarsu. Abin da ya rage na muryarta guntaye ne, domin ita duk maganarta a hankali take yi, injin ya cinye ta kusan duka.

Alhaji Tambari ya saurari guntayen har ƙarshe. Ya ce, "Wahalata na yahe maka. Wagga kuwa ita kaɗai muka da ita ta Inna."

Ya tashi ya shige cikin gida. Mutuminmu ya ce daga baya, da soja ya dake shi da ya fi masa sauƙi.

Sauran kun san yadda yake tafiya. Wanda aka wanke wa kaset a watannin nan duk ya koma ya saurara da kyau, ya dawo shago da fushi. Wani malami ya tarar an sa shi halatta abin da ya haramta, kuma kaset ɗin ya riga ya kai ƙauyuka. Mutumin Gusau da na Birnin Kebbi suka kai shi gaban alƙali. Mota ta tafi, shagon gado ya bi ta. Su biyun kuwa suka je Dundaye, Malam Lawwali ya ba su taskar a buɗe da takardarta, kamar yadda zai ba kowa, suna nan suna cin abincinsu da ita. Mutuminmu ya bar gari. Wanda ya gan shi na ƙarshe ya ce yana bin kasuwannin ƙauye da tire, yana sayar da batir da tocila.

Ya 'yan'uwa, me wannan mutum ya rasa? An hana shi ci ne? An ce ya raba riba da wani? Ba a nemi komai a wurinsa ba sai ya bar wa masu aiki sunansu, ya kuma bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya same ta. Da ya tsaya a kan "Malam ya koya mini", da yau yana shagonsa, mutane na sa masa albarka.

Kada wani ya ce ai masu taskar suna can nesa, ba su san shi ba, wasunsu ma ba Musulmi ba ne. Alkawari alkawari ne ko da wa aka yi shi, kuma Wanda aka rantse da sunansa ba ya nesa. Kada kuma wani ya ce ni ba ni da kwamfuta. Tela, wa ya koya maka yanka? Kai mai magani, a wurin wa ka ji haɗin da kake cewa mafarkinsa ka yi? Har mu masu hawa mumbari, sau nawa muke faɗin maganar malamanmu mu yi shiru a ce tamu ce? Duk wanda ya goge sunan wanda ya koya masa, ya rufe ƙofar da zai koma ya yi tambaya ranar da abu ya kakare.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ƙarami da babba. Ya sa mu iya cewa "ba ni ba ne, wane ne" ba tare da ƙirjinmu ya yi nauyi ba. Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya yafe wa wannan bawa nasa in ya tuba. Allah ya kiyaye mu da cin amanar da aka miƙo mana da hannu biyu. Amin.